Tambaya: Shin ya halatta in haɗa tattakin da likita ya ba ni da addu'ar safe?

Malamar Firamare, Jos, ta rubuta:

Salama a gare ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina da wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, ina kuma roƙon iyaye da 'yan'uwa waɗanda suka fi ni sanin Littafi Mai Tsarki su taimake ni da shawara.

Ni malama ce a makarantar firamare, shekaruna 47, ina da yara huɗu, mahaifiyata kuma tana wurina tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da ita. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, albashin da a da yake kai mu ƙarshen wata yanzu da ƙyar yake ganin ranar 20. Ban ɗauki abin da muhimmanci ba sai da barci ya fara gagarata, ina farkawa ƙarfe biyu na dare gabana yana faɗuwa, in yi ta lissafin kuɗin makaranta da na magani har zakara ya yi cara. Da na je asibiti aka auna jinina aka sami 152 bisa 96. Likita ya rubuta mini magani, ya ce in rage gishiri, in rage tunani, in kuma riƙa tafiya a ƙasa ta minti 30 aƙalla kwana biyar a mako.

Inda gizo yake saƙa shi ne lokaci. A duk yinin, rabin sa'a ɗaya ce tak tawa, wato daga biyar da rabi zuwa shida na safe, kafin in ɗora ruwan wankan Mama, kuma wannan rabin sa'ar ce na keɓe wa addu'a tun ina budurwa. Gaskiyar da nake jin nauyin faɗa ita ce, a watannin nan idan na durƙusa, ko dai gyangyaɗi ya kwashe ni, ko kuwa bakina yana addu'a zuciyata tana kasuwa. Makon jiya na gwada fita ina takawa ina karanta Zabura 23 da ka, sai na ji hankalina ya tsaya wuri ɗaya irin yadda na daɗe ban ji ba. Amma da na ba da labarin a Zumuntar Mata, wata uwa da nake ganin girmanta ta ja mini kunne da Matiyu 6:6, ta ce Yesu ya umarce mu mu shiga ɗaki mu rufe ƙofa, ba mu bi titi muna motsa baki ba. Tun ranar zuciyata ba ta kwanta ba. Shin abin da nake yi addu'a ce ta gaskiya, ko kuwa na rage wa Allah lokacinsa ne na ba jikina? Idan kuma babu laifi, waɗanne ayoyi ne suka dace, ta yaya ake yi?

Tsohon Malamin Makarantar Littafi Mai Tsarki, Wusasa, ya amsa:

'Yata, sannu da ɗawainiya, Ubangiji ya ba Mama sauƙi. Uwar da ta ja miki kunne tana kishin addu'a ne, kada ki riƙe ta a zuciya, amma ina roƙonki ki koma ki karanta aya ta 5 kafin ta 6. A can Yesu yana magana ne a kan waɗanda suke son tsayawa su yi addu'a a majami'u da kusurwoyin tituna domin mutane su gan su. Abin da ya hana shi ne riya, wato yin ibada don ido. Da ɗaki kaɗai ne wurin da Allah yake jin addu'a, da Yesu da kansa bai riƙa tashi tun da sauran duhu yana fita zuwa wurin da ba kowa ba, kamar yadda Markus 1:35 ya nuna, ko ya hau dutse ya kwana yana addu'a. Macen da take tafe da mayafinta, babu wanda ya san abin da take faɗa a ranta sai Mahaliccinta, ta riga ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. A gidajenmu ma, inda mutum bakwai suke kwana a ɗaki biyu, sau da yawa hanya ta fi ɗaki sirri.

Littafi Mai Tsarki littafin matafiya ne. A Maimaitawar Shari'a 6:7 an umarci Isra'ilawa su riƙa zancen maganar Allah sa'ad da suke zaune a gida, da sa'ad da suke tafiya a hanya, da lokacin kwanciya da na tashi. A Farawa 24:63 mun ga Ishaku ya fita saura da yamma yana tunani, a lokacin da yake cikin kewar mahaifiyarsa Saratu, a nan ne kuma ya ɗaga ido ya hango raƙuman da suka kawo masa Rifkatu. Almajirai biyun da suka kama hanyar Imuwasu, tafiyar da ta kai kilomita 11 daga Urushalima, sun fita ne fuskokinsu a murtuke don baƙin ciki, kuma a kan tafiyar ce Ubangiji ya buɗe musu Littattafai har suka ce zuciyarsu ta yi ƙuna a cikinsu. Bai ce musu su tsaya su durƙusa tukuna ba. Ya jera da su ne, ya fara tambayarsu abin da yake damunsu.

Amma abin da nake so in ɗora ki a kai shi ne Zabura 120 zuwa 134. Waɗannan zabura 15 ana kiransu waƙoƙin hawa, masana da yawa kuma suna ganin su ne maniyyata suke rerawa a hanyarsu ta haurawa Urushalima domin manyan idodi uku na shekara. Yawancinsu gajeru ne. Ke da kike Jos, Allah ya hutar da ke, domin duk inda kika waiwaya akwai dutse, Zabura 121 kuwa da ɗaga ido ga duwatsu ta fara, ta tambayi inda taimako zai fito, sa'an nan ta ba da amsa cewa daga wurin Ubangiji ne wanda ya yi sama da ƙasa. A cikinta aka ce ba zai bari ƙafarki ta zame ba, aka kuma ce mai tsaronki ba ya gyangyaɗi, ba ya barci. Ga wadda take farkawa ƙarfe biyu na dare tana gadin gidanta da lissafi, ban san maganar da ta fi wannan dacewa ba.

Ga yadda ni nake yi tun da na yi ritaya. Ba na ɗaukar sura guda, aya ɗaya nake ɗauka, in karanta ta a zaune kafin in sa takalmi. Kashi na farko na hanya ina maimaita ayar ne kawai, a hankali, ina raba ta bisa takuna. Idan ta zauna, sai in fara juya ta ta zama roƙo, in sa sunayen mutane a ciki: wane yana asibiti, kada ka bari ƙafarsa ta zame, wance tana neman aiki, ka kiyaye fitarta da shigarta. A hanyar dawowa ba na roƙon kome, godiya kawai nake yi saboda abin da idona ya faɗa a kai, ko itacen mangwaro ne, ko yara masu zuwa ɗiban ruwa. Ni da tsohuwar fassarar 1932 na yi hadda ina yaro, har yau ita ce take zuwa bakina, ke kuwa ki riƙe wadda kika saba da ita, domin ayar da harshe ya sani ba ta neman ƙoƙari. Iyayenmu masu bishara da suka riƙa ratsa ƙauyuka a ƙasa, da Littafi a jaka da gora a kafaɗa, da sun jira sai sun sami ɗaki da ƙofa, da addu'arsu ta yi kaɗan ƙwarai.

Shawara ɗaya zan ƙara: kada ki yar da durƙuso gaba ɗaya. Ko minti biyar ne da dare, ki tara yaran a ɗakin kakarsu ku yi tare.

Ma'aikaciyar Jinya, Kaduna, ta amsa:

Baba ya gama magana a kan Littafi, ni zan taɓa ɓangaren jiki ne, tun da shekarata 19 ke nan ina auna jinin mutane. 'Yar'uwa, abin da kika ji ranar da kika fita ba tunaninki ba ne kawai. Idan damuwa ta daɗe, jiki yakan zauna cikin shirin gudu ko faɗa kamar wanda ya ga maciji, sinadaran firgici suna ta zuba a jini, zuciya tana sauri, numfashi yana gajarta, kafaɗu suna sanƙarewa. Mutumin da yake cikin wannan hali idan ya durƙusa shiru a ɗaki, jikinsa yana nan a tsaye bakin daga, shi ya sa tunani yake ta tsalle. Tafiya tana ba wannan shirin inda zai fita. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, abin da likitanki ya rubuta miki shi ne mafi ƙarancinsa. Ma'aunin saurin kuwa mai sauƙi ne: ki yi tafiyar da za ki iya magana a cikinta amma rera waƙa ta yi miki wuya.

Ayar ma tana da nata aiki a jiki. A 2001 wata mujallar likitoci ta Birtaniya ta buga binciken da wasu likitocin Italiya suka yi, inda suka ga cewa masu karanta addu'ar carbi ta Katolika da harshen Latin numfashinsu yana sauka zuwa kusan sau shida a minti ɗaya, tsarin bugun zuciyarsu kuma yana daidaita. Ba a kan tafiya aka yi wannan gwajin ba, numfashin mai tafiya ba zai sauka har can ba, amma darasin yana nan: jimla mai tsawo da ake furtawa a hankali tana tilasta wa mutum ya tsawaita fitar da numfashi, wannan kuwa yana kwantar da zuciya. Ki gwada da ayar da kika riga kika sani. Ki ja numfashi a kan "Ubangiji makiyayina ne", ki sake shi a hankali a kan "ba zan rasa kome ba".

Yanzu ga inda nake so ki saurare ni da kyau. Kada ki ajiye maganin hawan jini don kin fara jin daɗin jikinki. Na ga mata masu bangaskiya ƙwarai da suka yi haka bayan wata biyu, aka dawo mana da su a kwance, ke kuma da ciwon da ya kama Mama ya kamata ki fi kowa kiyayewa. Idan kina tafiya kika ji ƙirjinki ya ɗaure, ko jiri, ko numfashi ya gagara, ki tsaya, ki nemi asibiti a ranar. Idan kuma rashin barcin nan ya haɗu da rashin jin daɗin kome, da yawan kuka, har ya wuce mako biyu, ko tunanin cewa gara mutuwa ya fara zuwa, wannan ya wuce abin da tattaki zai ɗauka shi kaɗai, ki gaya wa likita ƙarara. Akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, mu ma a nan muna da babban asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, zuwa can kuma ba rashin bangaskiya ba ne. Ina yawan tuna wa majinyatana labarin Iliya a 1 Sarakuna 19. Annabi guda ya zauna a gindin itace ya roƙi mutuwa, Allah kuwa bai fara da yi masa wa'azi ba, ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi har sau biyu ya ba shi abinci da ruwa, sa'an nan ya yi doguwar tafiya zuwa Horeb, a can ne ya ji ƙaramar murya.

Lokacin da kika zaɓa ne bai kwanta mini ba. Biyar da rabi akwai duhu, ke mace ce ke kaɗai, ga sanyin Jos a lokacin hunturu. Me zai hana ki sauka daga keke napep kafin ki kai makaranta, ki ƙarasa a ƙasa da hasken rana?

Ɗan Ƙungiyar Mawaƙa, Sabon Gari, Kano, ya amsa:

Ina gaida Baba da iyayena mata. Ni yaro ne a cikinku, amma akwai abin da yake damuna, ina fata ba za a ɗauke shi rashin kunya ba. Ina tsoron kada mu mai da maganar Allah ƙwayar magani, a ce sha aya ɗaya da safe jininka ya sauka. Idan manufar ita ce numfashi ya daidaita, ai ko ƙirga ɗaya zuwa goma mutum ya yi zai samu. Filibiyawa 4:6-7 ta ce mu kai roƙe-roƙenmu gaban Allah tare da godiya, salamarsa kuma za ta tsare zukatanmu, wato salamar daga wurin wanda ake roƙo take fitowa, ba daga tsarin takun ƙafa ba. Sa'an nan a Matiyu 6:7 an hana mu maimaita kalmomi a banza. Yaya maimaita aya ɗaya har tsawon minti goma ya bambanta da wannan? Ni kaina na taɓa gwadawa da abin sauraro a kunne, wayata tana karanta mini Zabura, na isa shago ban riƙe ko kalma ɗaya ba, kuma saura kaɗan mai babur ya kwashe ni a mahaɗar hanya.

Tsohon Malamin Makarantar Littafi Mai Tsarki, Wusasa, ya sake amsawa:

Ɗana, tambayarka tana kan hanya, na kuma ji daɗi da ka yi ta. Abin da aka hana shi ne maimaitawar da mai yinta yake zaton yawan kalmomi ne zai sa a ji shi. A Getsamani Ubangiji ya koma sau na uku yana faɗar magana iri ɗaya, kamar yadda Matiyu 26:44 ya rubuta, a Zabura 136 kuma an maimaita cewa ƙaunarsa madawwamiya ce har sau 26. Bambancin yana ga wanda kake fuskanta. Mai ƙirga ɗaya zuwa goma da kansa yake magana, mai cewa "ba zan rasa kome ba" yana gaya wa Makiyayi ne cewa ya dogara gare shi, ko da tukunyar gidansa ba ta hau wuta ba tukuna. Shi ya sa na ce wa 'yata ta juya ayar ta zama roƙo, kada ta tsaya ga furuci. Idan jiki ya sami sauƙi a kan haka, ba abin zargi ba ne, gama wanda ya hura ran shi ne ya gina jikin. Inda na yarda da kai ɗari bisa ɗari shi ne, ranar da ta dawo daga tafiya damuwar tana nan daram, kada ta ce addu'ar ba ta yi aiki ba. Marubucin Zabura 42 da 43 sau uku yana tambayar ransa dalilin da ya sa ya karai, bai kuwa daina yi wa Allah magana ba. Abin kunnen nan kuma ka ajiye shi, a titin Kano kana bukatar kunnuwanka biyu.

Malamar Firamare, Jos, ta dawo ta rubuta:

Na gode, Baba, na gode 'yar'uwata, kai ma ƙanena na gode, domin tambayarka ta sa na binciki zuciyata. Yau kwana 24 ke nan da na fara bin shawararku, na ga ya kamata in dawo in ba da labari.

Na bar fitar asuba. Rabin sa'ar nan na mai da ita ta karatu a zaune kusa da gadon Mama, ina karanta mata ayar da ƙarfi, ita ma tana motsa leɓe. Ƙarfe bakwai saura in fita, in sauka daga keke tun da sauran tafiyar minti 25 zuwa makaranta, abin da ya rage mini kuɗin mota ma. Akwai wani wuri da hanyar take hawa, inda duwatsu suke fitowa sosai ta bayan gidaje, a nan nake fara Zabura 121, kafin in kai wurin mai kosai na gama sa sunayen yarana huɗu a ciki. Matar tana gaishe ni kullum, in amsa mata, in koma inda na tsaya. Da farko ina ganin gaisuwar tana katse mini addu'a, yanzu ita ma na sa ta a ciki.

Ba kullum ne yake tafiya daidai ba. Ranar da aka koro ɗana na biyu saboda kuɗin jarrabawa, na yi tafiyar gaba ɗaya ban iya haɗa aya ɗaya ba, "ya Ubangiji, ka gani" kawai nake ta faɗa har ƙofar makaranta. Har yanzu ina farkawa da dare, sai dai ba kowane dare ba, idan kuma na farka nakan sami ayar safiyar tana jirana. Ina shan maganina, ranar Alhamis aka auna ni aka sami 138 bisa 88. Uwar nan ta Zumunta na kai mata ziyara muka karanta Matiyu 6 tun daga aya ta 1, ba ta ce ta yarda ba, amma ta tambaye ni ko gwiwa mai ciwo za ta iya irin wannan tafiyar.

Baba, na kusa haddace 121 gaba ɗaya. Na duba 131 na ga aya uku ce kawai, tana maganar yaron da aka yaye yana kwance a jikin uwarsa. Ita zan ɗauka a gaba, ko akwai wadda kake ganin ta fi dacewa in fara bi?